Amfani da Bayanan Ɗalibai Wajen Shirya Darussan Cike Giɓi a Makarantun Sakandare

Jawabi ga shugabannin makarantu da malamai da iyayen yara



Abin da zan yi magana a kansa yau ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe alli. A kusan kowane aji na makarantun ƙasar nan, daga Sakkwato har zuwa Kalaba, akwai yaran da sunansu ke cikin rajista, suna amsa kira kowace safiya, amma karatun ya riga ya wuce su. Yaro ya kan shigo aji ɗaya na ƙaramar sakandare alhali ba ya iya karanta sakin layi guda na Turanci ya fahimci ma'anarsa. A ciyar da shi aji biyu, a ciyar da shi aji uku, giɓin na ƙara faɗi, har ya kai aji shida. Sa'an nan jarrabawar fita ta tona asirin abin da aka shekara shida ana rufewa. A lokacin nan kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ku duba abin da wannan ke jawowa. Ba a shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci. Wanda ya rasa su, ko dai iyayensa su sake biyan kuɗin jarrabawa, ko ya nemi gurbi a makarantun share fage irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ke da ita a Funtuwa, ko ya haƙura da karatun baki ɗaya. Waɗansu kuma tsoron faɗuwa ya kan kai su ga satar amsa. Duk waɗannan magani ne bayan cuta ta ci jiki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Manufar wannan jawabi ita ce mu ga yadda za a gano giɓin tun yana ƙarami, ta hanyar bayanan da su ke hannunmu, a kuma cike shi tun yaro na ƙananan azuzuwa.

Abin da Manufar Ilmi ta Tanada

A watan Satumba na 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi ta kwararowa makaranta fiye da yadda aka yi zato, azuzuwa suka cika, malamai suka yi ƙaranci. A 1977 aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, aka sake duba ta a 1981, daga 1982 kuma aka fara aiki da tsarin nan na 6-3-3-4, watau shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. Ɗaya daga cikin ginshiƙan wannan tsari shi ne gwajin a kai a kai, wanda malamai da ɗalibai su ke kira si'e.

A 1985 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta buga littafin jagora a kan wannan gwaji. An siffanta shi da abubuwa huɗu: a yi shi bisa tsari, ya game tunanin yaro da halinsa da aikin hannunsa, a riƙa tara sakamakonsa daga shekara zuwa shekara, a kuma yi amfani da shi wajen shiryar da yaro. Uku na farko mun riƙe su gwargwadon hali. Na huɗun ne aka fi yin sakaci da shi, shi ne kuwa dalilin sauran ukun. A makarantu da yawa si'e ya zama maki kawai da a ke haɗawa da na jarrabawar ƙarshen zango, a rubuta a takardar sakamako, a sa a kabad a kulle.

Shirin ilmin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, ya mai da ƙaramar sakandare haƙƙin kowane yaro. Wannan alheri ne babba, amma yana nufin malamin aji ɗaya zai karɓi yaran da suka fito daga firamare iri-iri, waɗansu sun ƙoshi da karatu, waɗansu ko baƙi ba su gama sani ba. Bugu da ƙari, a watan Maris na 2020 an rufe makarantu saboda annobar korona, aka yi watanni ba karatu. Yaran da su ke ƙananan azuzuwan firamare a wannan shekara, lokacin da ya kamata su kama karatu da ƙirga, su ne suka riƙa shigowa sakandare a shekarun da suka biyo baya. Saboda haka bukatar darussan cike giɓi ƙaruwa ta yi.

Bayanan da ke Hannunmu

Idan an ce bayanan ɗalibai, kada wani ya ɗauka sai an sayo kwamfuta. Kwamfuta tana sauƙaƙa aiki inda a ke da ita, amma fensir da rula da littafin rubutu sun isa a fara. Kowace makaranta tana da waɗannan abubuwa guda shida:

1. Rajistar kiran suna, wadda ke nuna wanda ke zuwa, da wanda ke fashi, da ranakun da ya ke fashin.

2. Makin gwaje-gwaje da na jarrabawar ƙarshen zango.

3. Takardun amsa su kansu, da littattafan aikin ɗalibai. Waɗannan sun fi makin daraja, domin a cikinsu ne a ke ganin yadda yaro ya yi tunani.

4. Sakamakon da yaro ya zo da shi daga firamare, ko na jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ga mai shiga aji huɗu.

5. Rahoton manyan masu duba jarrabawa, wanda Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, ta ke fitarwa darasi-darasi, inda a ke bayyana wuraren da ɗalibai suka fi tuntuɓe.

6. Abin da malamin aji da iyaye suka sani game da yaro: lafiyar idonsa da kunnensa, nisan gidansu, da ayyukan da a ke ɗora masa kafin ya zo makaranta.

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Babu wani jami'i a hedkwata da zai san giɓin yaran ajinku fiye da ku, muddin kun zauna kun karanta waɗannan bayanai.

Jimlar Maki Ba ta Faɗin Cuta

A nan ne zan ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar. Mu ɗauka malamin lissafi ya ba aji ɗaya gwaji mai tambaya 20. Yara biyu kowannensu ya ci 8. A takardar sakamako su biyun ɗaya ne. Amma da za a buɗe takardun amsarsu, sai a tarar na farko ya ci duk tambayoyin tarawa da ɗebewa, ya faɗi duk waɗanda aka rubuta da dogon Turanci. Na biyu kuwa ya fahimci Turancin sarai, lissafin ne ke kayar da shi. Idan aka zaunar da su a aji guda aka maimaita musu darasi guda, an ba masu ciwo biyu magani ɗaya ke nan, wataƙila kuwa ba wanda zai warke.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. Malami ya ɗauki faffaɗar takarda ya ja layuka. Ya jera sunayen yara daga sama zuwa ƙasa, ya jera lambobin tambayoyi daga hagu zuwa dama, a saman kowace lamba kuma ya rubuta abin da tambayar ke aunawa. Inda yaro ya ci, a sa alama. Inda ya faɗi, a bar gurbin fayau. Da an gama, sai a karanta takardar ta fuska biyu.

In an karanta daga sama zuwa ƙasa, a kan ga halin kowace tambaya. Tambayar da fiye da rabin aji suka faɗi, wannan ba matsalar yara ba ce; darasin ne bai shiga ba, sai a sake koyar da shi ga aji duka, ta wata hanya dabam da ta farko. Tambayar da yara goma ko sha biyu suka faɗi, waɗannan yaran su ne rukunin da za a ware wa darasin cike giɓi a kan wannan batu. Akwai kuma abin lura na uku: idan yaran da suka fi kowa ƙoƙari sun faɗi wata tambaya, alhali raunana sun ci, to, a binciki tambayar kanta. Mai yiwuwa ne lafazinta na da ruɗani, ko kuwa amsar da malami ya riƙe ce ba daidai ba.

In an karanta daga hagu zuwa dama, a kan ga halin kowane yaro. Wanda giɓinsa ya taru a wuri ɗaya, gyaransa ba wuya. Wanda layinsa ya kasance fayau daga farko har ƙarshe, shi ne za a zauna da shi shi kaɗai, a duba rajista, a tuntuɓi iyayensa, a gwada ko yana ganin allo daga inda ya ke zaune.

Bayan haka sai a dubi irin kuskuren. Kuskuren yaro ba kasafai ya ke zama na ganganci ba. Yawanci akwai wata ƙa'ida da ya ƙirƙiro wa kansa ya ke bi. Ga misali, an ce ya ɗebe 178 daga 402, ya rubuta 376, alhali amsar 224 ce. Ku duba da kyau: a kowane gida ƙaramar lamba ya ke cirewa daga babba, 2 daga 8, sifiri daga 7, 1 daga 4. Wannan yaro ya iya ɗebewa, aro ne bai iya ba, kuma darasi biyu ko uku na iya warware masa. Wani kuma an ce ya tara rabi da sulusi, ya rubuta 2/5 maimakon 5/6, domin ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Muddin ba a gyara masa wannan ba, zai yi ta faɗuwa a aljabara da fizik da kemistiri har ya bar makaranta, kowane malami na zaton darasinsa ne yaron ba ya so.

Ga wata dabara kuma ta raba matsalar harshe da ta lissafi. Yaron da ya faɗi tambaya mai dogon bayani, a karanta masa ita da harshen gidansu, Hausa ne ko Yarbanci ko Ibo ko Tibi ko wani. Idan ya warware ta nan take, to, malamin Turanci ne zai karɓe shi.

Gwajin Farkon Shekara

Bai kamata a jira ƙarshen zango kafin a san matsayin sababbin ɗalibai ba. A cikin mako biyu na farko, kowane yaro da ya shigo aji ɗaya a gwada karatunsa baki da baki. A ba shi ɗan gajeren labari ya karanta. In ya kasa, a ba shi sakin layi mai sauƙi. In ya kasa, a ba shi kalmomi. In ya kasa, a ba shi baƙaƙe. Inda ya tsaya, nan ne matakinsa. Haka kuma a lissafi: sanin lambobi, tarawa, ɗebewa mai aro, ninkawa, rabawa.

Wani zai ce ina lokacin ya ke? Mu yi lissafi. Minti biyar ya isa a gwada yaro ɗaya. Aji mai yara 60 zai ci minti 300, watau sa'a biyar. Idan malamai biyar suka raba aikin, sa'a guda ce. Sa'a guda a farkon shekara ta fi sa'o'i ɗari na koyar da abin da rabin aji ba su da tushen fahimtarsa.

Wannan hanya ba mu muka fara ta ba. Wata ƙungiya ta ƙasar Indiya mai suna Pratham ita ce ta shahara da ita: a gwada yara, a raba su bisa matakin karatunsu maimakon shekarunsu ko ajinsu, a koyar da kowane rukuni daga inda ya tsaya. An yi bincike a kanta a Indiya an ga amfaninta, an kuma gwada ta a makarantun firamare na jihohin Barno da Kano. Tun kafin wannan, a 1968, wani masanin ilmi na Jami'ar Shikago ta Amurka, Benjamin Bloom, ya yi bayanin cewa mafi yawan ɗalibai na iya ƙwarewa a abin da a ke koya musu, idan ana gwada su bayan kowane kashi na darasi, a gyara musu kuskurensu, a ba su isasshen lokaci kafin a wuce gaba.

Yadda Za a Tsara Darussan

Bayan an san wanda ke bukatar me, ga ƙa'idodin da ya kamata a bi.

Na farko, a raba yara bisa bukata. Ɗan aji ɗaya da ɗan aji uku da ba su iya aro ba suna iya zama a rukuni guda. Rukunin ya kasance ƙarami yadda malami zai iya duba littafin kowa kafin a tashi.

Na biyu, kowane rukuni ya kasance da manufa guda a rubuce, wadda za a iya aunawa. “A inganta Turanci” ba manufa ba ce. “Kowane yaro ya iya karanta sakin layi mai jumla biyar ya amsa tambaya uku a kansa”, wannan ita ce manufa.

Na uku, a ba darasin gurbi a cikin jadawali. Abin da aka bar wa “in an sami lokaci” ba ya samun lokaci. Rabin sa'a sau uku ko huɗu a mako ya fi sa'a uku a rana ɗaya. A makarantun kwana ana iya amfani da wani sashe na lokacin firef. A makarantun jeka-ka-dawo kuwa a yi hattara da tsare yara bayan tashi, musamman 'yan mata da masu zuwa daga nesa, domin iyaye na iya hana su, waɗanda suka fi bukata su zama su ne ba su halarta.

Na huɗu, a yanka wa'adi, kamar mako shida. In ya cika, a sake gwaji irin na farko. Wanda ya cimma manufa a sallame shi. Wanda bai cimma ba a sake dubawa, a canza hanya. Idan yawancin rukuni ba su motsa ba, to, koyarwar ce za a tuhuma.

Na biyar, a ba wannan aiki ga malaman da suka fi ƙwarewa da haƙuri. Koyar da yaro mai shekara goma sha huɗu baƙaƙe, ba tare da an ci masa fuska ba, ya fi koyar da haziƙai wuya. Matasa masu yi wa ƙasa hidima da ɗaliban da suka yi gaba na iya taimakawa wajen sauraron karatu da duba aiki, amma ƙarƙashin idon malami. A kuma zaɓi abin karantawa da ya dace da shekarun yaro: kalmomi masu sauƙi, amma batun ya zama na manya, kamar kasuwa, da noma, da wasan ƙwallo.

Abubuwan da Za a Guje wa

Bayani makami ne, yana gyara yana kuma ɓatawa. Kada a kira wani rukuni ajin daƙiƙai, ko da a bakin malamai ne, domin sunan zai fita, yaran kuma za su guji darasin. Kada a manna sunayensu a allon sanarwa, kada a karanta su a filin taron safe. Ku sani cewa tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, bayanan yara kuwa amana ce da ta fi nauyi. Wanda ba shi da aiki da su kada ya gan su.

Kada a ƙara wa yaro makin da bai ci ba don tausayi ko don a wanke sunan makaranta. Wanda ya yi haka ya ɓoye cutar ne ga mai magani. Kada kuma a mai da darussan cike giɓi hanyar karɓar kuɗi daga iyaye, domin 'ya'yan marasa hali su ne za su fara janyewa. Kada a tara dukan ƙoƙari a kan 'yan aji shida ana saura wata uku jarrabawa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Daga ƙarshe, kada a ɗora wa malamai cika fom-fom da ba wanda zai karanta. Duk bayanin da ba zai canza abin da za a koyar gobe ba, tara shi ɓata takarda ne.

Aikin Kowa

Shugaban makaranta shi ne zai ware lokaci a jadawali, ya kuma zauna da shugabannin sassa a tsakiyar kowane zango da ƙarshensa, takardun nan a gabansu, a tambayi abu uku: wane ne ya ci gaba, wane ne ya tsaya, me za a canza. Malamin aji shi ne zai lura da rajista. Yaron da ke fashi kowace ranar kasuwa ko duk lokacin girbi, maganinsa na wajen iyayensa kafin ya zama na allo. Sufeto in ya zo, bayan ya tambayi ko an gama manhaja, ya kuma tambayi yara nawa ne suka kama abin da aka koyar, da abin da aka yi wa sauran. In ɗalibi ya tashi daga wani aji zuwa wani, ko daga wata makaranta zuwa wata, bayaninsa ya bi shi, kada sabon malami ya fara lalube daga farko.

Ku kuma iyaye, in an ce ɗanku ko 'yarku na cikin masu darasin cike giɓi, kada ku ɗauka abin kunya ne, kada ku kai hannu ga bulala. Ku zo makaranta ku tambayi abin da ya rage masa da ranar da za a sake gwada shi. Ko ba ku yi boko ba, kuna iya sa shi ya karanta muku da ƙarfi na minti goma kowane dare, ku kuma rage masa aike a ranakun darasin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jama'a, ina roƙon kowane shugaban makaranta da ke nan ya koma da abu uku da zai aikata kafin wannan zango ya ƙare. Ya gwada karatu da lissafin dukan 'yan aji ɗaya. Ya sa malaman Turanci da na lissafi su baje gwaji ɗaya tambaya-tambaya kamar yadda na bayyana. Ya buɗe rukuni ko da guda ɗaya ne, mai manufa a rubuce da wa'adin mako shida. In wa'adin ya cika, a auna, a rubuta abin da aka samu, a kai wa ofishin ilmi na yanki domin sauran makarantu su amfana.

 Allah ya taimake mu wajen sauke wannan amana, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.